Mijina direba ne, 'yan sanda na zarginsa da shan ƙwaya: in rantse ban san komai ba?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana direban haya ne, Sharon yake ja tsakanin Kano da Kaduna. Motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita. Ranar Talata da asuba ya yi lodi daga Kaduna, bayan ya wuce Zariya motar ta ƙwace masa ta faɗa rami. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a cinya, wani yaro kuma kansa ya fashe. Fasinjoji sun shaida wa 'yan sanda wai tun daga tasha idonsa jawur, yana ta sheƙa gudu, an yi masa magana bai saurara ba. An ce kuma an ga fankon katin ƙwaya a ƙarƙashin kujerarsa. Yau kwanansa huɗu a bayan kanta, wai za a kai shi gwajin fitsari.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, na fi shekara ina tsintar irin wannan fankon a aljihunsa in zan yi wanki. Da na tambaye shi sai ya ce maganin ciwon baya ne. Yanzu haka akwai kati biyu a jakarsa a ɗaki. Yayansa ya ce in an tambaye ni in rantse ban taɓa ganin komai ba. Ya ce kuma akwai wanda zai kashe maganar in an ba shi dubu ɗari uku, don haka in sayar da ɗan kunnena da keken ɗinkina. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi in kwaso yara in dawo gida. Ko barci ba na iya yi. Me zan yi?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da wannan jarrabawa. Allah ya ba waɗanda suka ji rauni lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Keken ɗinkin nan kada ki sayar. Da shi na fara don shi ne abin da za a iya raba ki da shi kafin ma ki gama karanta amsata. Ko gobe aka sako maigidanki, zai jima bai koma aiki ba, mai mota kuma yana can yana lissafin kuɗin gyara. A watannin da ke tafe, da keken nan za ki ɗora tukunya. Shi kuwa mai kashe magana, na san irinsu. Za ki gan su a benci ƙarƙashin bishiya a bakin ofishin 'yan sanda, waya biyu a hannu, duk jami'in da ya gifta sai sun ɗaga masa hannu kamar tare suka yi wasan ƙasa. Zai karɓi dubu ɗari ukun, bayan kwana biyu ya dawo yana sosa ƙeya ya ce oga ya ce ba ta isa ba. Ba rasit, ba shaida, ba kuma inda za ki kai kuka, domin mai ba da cin hanci shi ma doka ba ta bar shi ba. Sannan ki tuna akwai mace kwance da karaya, tana da miji da dangi, akwai yaro da iyayensa. Maganar da ke da masu ita haka ba a binne ta a gindin bishiya. In dole sai an taɓa ɗan kunnen, to kuɗin ya tafi wajen lauya da asibiti.

Lauya ya kamata yayan nasa ya nema tun ranar Talata. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Kwana huɗu ya zarce haka, sai dai in 'yan sanda sun je gaban majistare sun karɓo izinin ci gaba da tsare shi. Tambayar farko ke nan da lauya zai yi musu, kuma za ki yi mamakin yadda murya ke sauka in mai tambayar lauya ne. In babu halin biya, akwai hukumar Legal Aid Council da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 don ba marasa ƙarfi lauya kyauta, tana da ofis a Kano, tana da shi a Kaduna. Ku tantance daidai inda motar ta faɗi, domin daga Zariya zuwa Kano hanya ta ratsa jihohi biyu, kuma jihar da abin ya faru a cikinta can za a yi shari'ar tuƙin.

Wannan sashen dai ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. A aika masa da saƙo yau: kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci ba a fassara masa ba. Mutane da yawa a nan suke ɗaure kansu da kansu, don gajiya da son a sallame su. Ke kuma ki cire tsoron za a riƙe ki a madadinsa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani saboda laifin wani. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da kin ga ana yin wani abu daban, kuma kasancewarki mace ba ya hana ki tsaya masa.

Gwajin fitsari yana nuna ko mutum ya sha wani abu a 'yan kwanakin baya. Ba ya nuna halin da yake ciki a daidai lokacin da mota ta ƙwace. Tramol kan fita daga fitsari bayan 'yan kwanaki, wiwi kuwa takan kai makonni a jikin wanda ya saba da ita. Ɗan tsinken da ake tsomawa a kofi yakan yi kuskure, shi ya sa lauya ke da damar neman a tabbatar da sakamakon a ɗakin gwaji na asibiti. In akwai maganin da likita ya rubuta masa, a fito da takardar tun kafin gwajin. A kuma nemi rahoton 'yan VIO, jami'an da ke duba lafiyar motoci, a kan motar, domin taya kan fashe, birki kan shanye, kuma motar haya da ake wa gyaran ganganci ba baƙon abu ba ce a hanyar nan. Ni ban ga hatsarin ba, ke ma ba ki gani ba, doka kuma tana ɗaukarsa mara laifi har sai kotu ta tabbatar. Sai dai ba zan ɓoye miki nauyin abin ba. Tuƙi cikin maye laifi ne a dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007, kuma da an rasa rai, ɗaurin tuƙin ganganci yana iya kaiwa shekara bakwai. In aka karkata kan mallakar ƙwayar kanta, ana iya miƙa shi ga NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, su kuma a Babbar Kotun Tarayya suke kai ƙara.

Yanzu ga maganar rantsuwa. A'a, ƙanwata, kada ki rantse. Yayan mijinki yana son ɗan'uwansa, ban ce ba ya sonsa ba, amma ya zaɓi ya sa wuyanki ne a igiya ya bar nasa. In maganar ta je kotu kika yi shaidar zur, ke za a kama da laifi, ba shi ba. Ga fasinjoji sun yi magana, ga fanko an tsinta, ga gwaji na tafe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da ta tonu ba wanda zai ƙara yarda da ko gaskiyar da za ta amfani mijin naki. Wannan duk na duniya ne. Ke kin san abin da ke tsakanin mai rantsuwar ƙarya da Ubangijinsa, ba sai na karanta miki ba.

Amma ƙin yin ƙarya daban, kai kanki ofis ki zazzage cikinki daban. Ba kya cikin motar, ba ki ga abin da ya sha a daren ba. In an kira ki, ki tafi da lauya, ki amsa abin da ya ce ki amsa, inda ya ce ki yi shiru ki yi shiru. Wanda za ki faɗa wa komai ba tare da rage ko ɗaya ba shi ne lauyan, domin sirrinku amana ce a wuyansa, kuma lauyan da aka ɓoye wa gaskiya a gaban alƙali yake jin kunya. Kati biyun nan ma shi za ki fara gaya wa, yau ɗin nan. Kada ki jefa su a masai, ɓatar da shaida laifi ne mai zaman kansa. Kada kuma ki sa su a jaka ki kama hanya, don in an tare ki a shinge ke ce mai su. Ki ɗaga jakar inda hannun yara ba ya kaiwa, ki kulle, ki karanta wa lauya sunan da lambar da ke jikin katin.

Wannan lambar ita ce ta fi damuna, fiye da 'yan sandan. Ba ki faɗi sunan ƙwayar ba, amma "maganin ciwon baya" a aljihun direba har tsawon shekara guda, zuciyata tramol take raya mini. Wadda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100, ita ma sai da takardar likita. Wadda ake sayarwa a tasha, a farantin mai tallar magani ko a bayan teburin mai shayi, za ki ga an rubuta 200 ko 225. Likita ba ya wuce wa majinyaci miligiram 400 a yini, ke nan ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura iyaka, wanda ya saba kuwa ba ya tsayawa a biyu. Aikinta shi ne ta danne ciwon jiki ta sa mutum ya ji kamar zai iya ɗaga mota. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, ƙararrawar da ke sanar da shi ita aka kashe. In ta yi yawa kuma tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ba sallama, ko da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ido ya rufe na daƙiƙa uku, an shafe sama da mita 80 ba direba a motar.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Guzurinsa goro a kumatu da shayi a filas. In barci ya zo sai ya gangara gefen hanya, ya sa yaron mota ya danna wa taya dutse, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar ya miƙe. Yakan ce barci bashi ne, in ba ka biya a tabarma ba za ka biya a kan sitiyari. Na kawo shi ba don in ce mutanen da sun fi na yanzu ba. Shi ba a tsaya masa a ka da balas ɗin kullum ba. Direban yau, tun da aka cire tallafin mai a 2023, yana fitowa ya sayi mai da tsada, ya biya kuɗin tasha, ya sallami 'yan kamasho, ya miƙa abin da ake miƙawa a hanya, ya ware balas, sannan ya duba abin da ya rage na cefane. Sawu ɗaya ba ya fitar da shi, sai ya yi biyu, wani lokaci ya ƙara na dare. Wata rana abokin aiki ya miƙo masa ƙwaya ɗaya a kofin shayi ya ce gwada ka gani. Haka take farawa ga mafi yawansu, ba da neman maye ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki irin waɗannan magungunan kashe zafin ciwo suke sha. Don haka mijinki ba dodo ba ne. Amma matar da ta karye ita ma ba ta shiga motar don ta biya masa balas da cinyarta ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Mafi munin abin da zai iya faruwa a wannan magana ba zuwa kotu ba ne. Mafi muni shi ne a yi ruwa a yi tsaki a fito da shi ranar Litinin, a yi masa barka, ranar Laraba ya karɓi makullin wata motar da kati a aljihu. Wannan karon rami ne. Wani karon tirela ce a gaba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne mai zalunci, da aka tambaye shi ta yaya, ya ce a hana shi zaluncin. Irin taimakon da mijinki ke bukata daga gare ki ke nan, kuma ke kaɗai kika san girman abin, tun da ke ce mai wanki.

Akwai kuma abu na gaggawa. Wanda ya shekara yana shan tramol aka yanke masa rana ɗaya, jikinsa zai yi bore: gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, firgici, wani har ya riƙa ganin abin da babu. In kin kai abinci kin tarar da shi yana rawar ɗari ko yana sambatu, ba iskokai ba ne, ba kuma sammu ba. Ki gaya wa lauya ya nemi a kai shi asibiti. Kuma don Allah kada wani ya tausaya masa ya cusa ƙwaya a cikin tuwo ya miƙa ta kanta, ana yin haka, kuma mai miƙawar a ciki yake kwana.

Bayan ya fito, likita za a nufa kafin tasha. Rabuwa da tramol a hankali ake yi, ana rage ta a ƙarƙashin kulawa, ana kuma duba ciwon bayan in da gaske akwai shi, don direban da ke zaune awa goma a rana ba abin mamaki ba ne bayansa ya yi ciwo. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen masu kula da ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai asibitin tarayya na Barnawa, NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali wanda ba na kamu ba ne. Na san abin da zai ce: shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Dawanau. Ki ce masa masu zuwa su karɓi magani su koma gida da ƙafarsu sun fi waɗanda aka kwantar yawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gidajen da ake sa wa mutum mari a ƙafa ana dukansa da sunan gyara. Addu'a kam a yi ta ba dare ba rana, amma sarƙa ba ta cire ƙwaya daga jini.

Wannan magana ba ke kaɗai za ki tunkare shi da ita ba. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, mahaifinsa in yana raye, ko kawunsa, ko limamin unguwarku, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. A zauna da shi da yayan nasa, a yanke cewa ba zai taɓa sitiyari ba sai likita ya ce ya rabu da ita. Zai iya neman wani abin yi a tasha kafin nan, shugabannin ƙungiyar direbobi sun saba da irin haka in an je musu da mutunci. Zai yi fushi da ke, ki sa ran haka. Wataƙila ya ce kin tona masa asiri. Asirin da fasinjoji bakwai suka gani a idonsa tun daga tasha ba ke kika tona shi ba.

A wasiƙarki ba ki ce ko wani daga danginku ya je duba marasa lafiyar ba. In ba a je ba, an yi kuskure, a gyara gobe. Dattijo ɗaya da mace ɗaya su je da ɗan abin hannu, su yi jaje, su tambayi kuɗin magani, su biya abin da ya sawwaƙa su karɓi rasit. Kada a je da maganar ku janye ƙara, kada a yi musu gardamar wa ke da laifi. Mutanenmu suna yafe abu mai yawa in an nuna musu an damu da su, abin da ba sa yafewa shi ne a bar su da gadon asibiti ba ko sannu. In an zo sulhu daga baya, a yi shi a rubuce da sanin lauya, kuma alƙali yakan duba irin wannan in ya zo yanke hukunci.

Mahaifiyarki kuma, tsoro ne ya sa ta faɗi haka, uwa ce. Ban ga dalilin kwashe kaya yanzu ba, mutum yana tsare, ba a ma ji ta bakinsa ba. In gidan ya yi miki faɗi da dare, ki je ki kwana biyu a wajenta da sanin danginsa, ko ƙanwarki ta zo ta taya ki zama, wannan ba yaji ba ne. Amma ki gaya wa Mama gaskiya, ki kuma gaya mata sharaɗin da za a gindaya masa. In ya fito ya ƙi asibiti, ya koma ƙwaya, ko ya fara ɗaga miki hannu, to a lokacin maganarta ta zama abin dubawa, kuma ba mai ganin laifinki. Abin da ba ki faɗa ba ne tun bara, na san shi ke hana ki barci. Kin tambaya, an ba ki amsa, kin yarda da mijinki, ba ke kika sa masa ƙwaya a baki ba.

Gobe da safe, kafin ki ɗora abincin da za a kai masa, ki kira yayan nasa ki ce kuɗin mai kashe magana babu, amma ga na motar zuwa ofishin lauya. Ki tattara lasisinsa in yana gida, da duk wata takardar asibiti da ya taɓa karɓa kan ciwon bayan, da lambar mai motar. In an yi gwajin, ki sake rubuto mini abin da ya nuna da abin da shi maigidan ya ce da bakinsa.